Kwalba, Katin Asibiti da Lauya: Neman Diyya Idan Kayan Masana'anta Sun Cutar da Mutum a Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, kuma tsakanin garin da birnin Kaduna akwai tafiyar kimanin kilomita 120. Ƙasa ce ta noma da kiwo da haƙar zinariya, a cikinta ne kuma dajin Kamuku yake, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a shekarar 1999. Motocin da ke fita daga nan da masara da dawa da shanu ba sa komowa fanko. Sukan dawo da maganin zazzaɓi, da maganin feshi, da takin zamani, da kananzir, da lemon kwalba, su rarraba a kasuwannin Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da sauran garuruwa. Kusan duk waɗannan kaya a wani wuri mai nisa aka sarrafa su, wanda ya saya bai san wanda ya yi ba, wanda ya yi kuma ba zai taɓa ganin wanda ya saya ba.

To, idan ɗaya daga cikin kayan nan ya zo da aibi tun daga masana'anta, har ya illata mutum ko ya yi sanadin rai, wa za a kama? Dokar ƙasa ta ba wanda aka cuta damar neman diyya, kuma akan nemi lauya domin haka. Sai dai tarihin irin waɗannan shari'o'i a Nijeriya ya nuna cewa ƙarar takan tsaya ko ta faɗi tun kafin a je ofishin lauya, wato a kwanakin farko, lokacin da iyali ke yanke shawarar ajiye kwalbar magani ko jefar da ita.

Guba mai zaƙi

A watan Nuwamba na 2008 likitocin yara a wasu asibitocin Nijeriya suka fara ganin wani abu mai tayar da hankali. Ana ta kawo musu ƙananan yara da zazzaɓi da amai da gudawa, bayan 'yan kwanaki sai fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na daga cikin waɗanda suka karɓi irin yaran nan, suka kuma sanar da hukuma. Da aka bi diddigi sai aka tarar mafi yawansu an ba su wani maganin ruwa na fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa da ke Legas yake yi. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, ta rufe masana'antar, ta kuma bi kasuwanni tana janye maganin. A watan Fabrairu na 2009 Ministan Lafiya, Farfesa Babatunde Osotimehin, ya bayyana cewa yara 84 ne suka rasu.

Bayanin abin da ya faru yana cikin ilmin sinadarai. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, saboda haka idan za a yi na sha domin yara sai an narkar da shi a cikin wani ruwa mai kauri, kamar gilisarin ko furofilin gilaikol, waɗanda ba sa cutarwa. Amma akwai wani sinadari da ya yi kama da su matuƙa, ana kiran sa dayetilin gilaikol. Shi ma ba shi da launi, ba shi da wari, yana da kauri da ɗan zaƙi, ga shi kuma ya fi su araha, domin na masana'antu ne, ana sa shi a abubuwa irin su man birki. Ido ba ya bambanta su, harshe ma haka. Idan ya shiga jiki, hanta takan sarrafa shi ta mayar da shi wasu sinadarai masu tsami, su ne kuma ke lalata ƙananan bututun da ƙoda ke tace jini da su. Daga nan fitsari ya tsaya, datti ya taru a jini, wani lokaci har illar ta kai ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Gwajin da aka yi wa wasu kwalaben My Pikin a Amurka ya nuna cewa kashi 17 zuwa 21 cikin ɗari na abin da ke ciki wannan guba ce.

Ba a nan aka fara ba. A 1937 wannan sinadari ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka ta cikin wani maganin ruwa, abin da ya sa ƙasar ta yi sabuwar dokar abinci da magunguna a 1938. A Nijeriya, yara 109 suka rasu a 1990 a yankunan Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa mai ɗauke da shi, bayan shekara uku kuma, a 1993, aka kafa NAFDAC. A 2022 ya sake kashe yara kimanin 70 a ƙasar Gambiya ta cikin magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin Barewa biyu hukuncin ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Amma ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci. Waccan shari'ar laifi ce, gwamnati ce ta shigar, manufarta kuma horo. Uban da ya rasa ɗansa, ko ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin wankin ƙoda, galibi sai ya shigar da tasa ƙarar ta neman diyya, kuma a nan ne ake buƙatar lauya.

Inda kimiyya ke shiga kotu

Alƙali ba ya ba da diyya don tausayi. Bisa ƙa'idar sakaci, wadda kotunan Nijeriya suka daɗe suna aiki da ita, ana so mai ƙara ya nuna abubuwa uku: cewa kayan na da aibi tun daga hannun wanda ya yi su, cewa shi ya yi amfani da su, sannan cewa wannan aibin ne ya haddasa masa illar. Na ukun shi ne mafi wuya, kuma tambaya ce ta kimiyya kafin ta zama ta shari'a.

Alal misali, a ce yaro a wani ƙauyen Birnin Gwari ya sha magani, bayan kwana uku fitsarinsa ya ɗauke. Lauyan kamfani zai miƙe ya ce zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana lalata ƙoda, gudawar da ta tsotse ruwan jiki ma haka, wasu jiƙe-jiƙen gargajiya ma haka, kuma duk gaskiya ya faɗa. Abin da zai rushe wannan kariya uku ne. Na farko, sakamakon ɗakin gwaji, inda na'urar rarrabe sinadarai ke iya nuna gubar da adadinta daga 'yan ɗigo kaɗan na ragowar maganin. Na biyu, katin asibiti mai ɗauke da ranar da ciwo ya fara, da sakamakon gwajin jini, da sunayen duk abin da aka ba yaron. Na uku, ƙididdiga, wato a nuna cewa yaran da suka sha magani mai lamba kaza sun fi sauran yara kamuwa nesa ba kusa ba. Da irin waɗannan hanyoyi aka gano My Pikin. Ba don likitoci sun riƙa tambayar iyaye abin da suka ba 'ya'yansu ba, kuma ba don an sami kwalaben a gidaje ba, da an ɗora mutuwar yaran a kan zazzaɓi.

Akwai kuma wani dalili da ya ƙara wa katin asibiti daraja a ƙasar Hausa. Ana gaggauta jana'iza bisa koyarwar addini, ba kasafai ake yarda a binciki gawa ba. Saboda haka abin da aka rubuta da abin da aka gwada tun majiyyaci yana da rai, shi ne kawai shaidar da za ta rage.

Asalin wannan haƙƙi

Haƙƙin mai saye a kan mai masana'antar da bai taɓa gani ba ya samo asali ne daga wata kwalbar lemo. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na ƙasar Sukotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta da aka saya mata, ta ce a ƙasan kwalbar, wadda ba a ganin cikinta, an sami ruɓaɓɓen dodon-koɗi, ta kuma kamu da ciwon ciki. Tun da ba ita ta biya kuɗin ba, babu ciniki tsakaninta da kowa, kuma a fahimtar lauyoyin zamanin ba ta da ƙara. Matalauciya ce, sai da aka yarda ta yi shari'a a matsayin marar hali. Wani lauya mai suna Walter Leechman ya ɗauki maganar har zuwa kotun ƙoli ta Birtaniya, wadda a watan Mayu na 1932, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta zartar cewa duk wanda ya sarrafa kaya ya rufe, da nufin su isa ga mai amfani ba tare da an sake duba su ba, wajibi ne a kansa ya kula kada su cutar.

Kotunan Nijeriya sun karɓi wannan ƙa'ida, amma sakamakon ya sha bamban gwargwadon ƙarfin shaida. A 1980, a shari'ar Boardman da kamfanin Guinness, mai ƙara ya faɗi, domin kamfanin ya kawo bayanin tsabtar masana'antarsa, shi kuwa bai iya danganta ciwonsa da sakacin kamfanin ba. A 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wata 'yar kasuwa mai suna Ngonadi diyya daga kamfanin Nigerian Bottling, wanda ya sayar mata da firji mai amfani da kananzir, ya fashe ya ƙone ta. A 2008 kotun ta sake ba wani mai suna Okwejiminor gaskiya a kan wannan kamfani, saboda kyankyason da ya tarar a kwalbar Fanta. Abin ya faru ne a 1991, wato ya yi jiran shekara 17.

Daga baya doka ta sassauta wa mai saye. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 136 na dokar ya ɗora alhakin ɓarnar da kaya masu aibi suka yi a kan wanda ya samar da su, ko da wanda aka cuta ba shi ya saya ba. Sashe na 145 kuma ya ce idan an yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya samar da su. Wannan babban sauƙi ne, amma bai ɗauke wa mai ƙara nauyin nuna wane kaya ne, daga hannun wa ya fito, da wace illa ya yi ba. Ma'anar dokar ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka san fiƙihun Malikiyya, inda aka san mayar da kaya saboda aibi, aka kuma san lamunin abin da mutum ya ɓata.

Darasin Kano

Shari'ar da ta fi kowace shahara a Arewa ta faro ne a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, aka ba rabinsu sabon maganin, rabi kuma wani sananne. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan jaridar Washington Post ta buga labarin a watan Disamba na 2000, aka shigar da ƙara a birnin New York a 2001, Gwamnatin Jihar Kano ma ta shigar da tata a 2007. A 2009 aka sasanta da jihar a kan dala miliyan 75. A watan Agusta na 2011 aka biya iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowanne, bayan an yi gwajin ƙwayar halitta domin tabbatar da dangantakarsu da yaran.

Ko da yake wannan magana ce ta gwajin magani, abin da ta koyar ya shafi duk mai neman diyya. Iyalan sun sami ƙarfi ne saboda sun taru wuri ɗaya, domin babu talakan da zai iya ja da irin wannan kamfani shi kaɗai. Duk da haka shekara 15 suka wuce kafin kuɗin farko ya fito, kuma da aka zo rabo, tambayar da ta fi wahalar da jama'a ita ce yadda mutum zai tabbatar cewa ɗansa na cikin yaran.

Abin da ya kamata a adana

Ceton rai shi ne farko. A dakatar da amfani da kayan, a garzaya asibiti tare da kwalbar, a gaya wa likita duk abin da aka sha, har da na gargajiya, domin abin da aka ɓoye wa likita lauyan kamfani ne zai tono shi a kotu. A roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta sunan maganin da lambarsa a kati.

Bayan haka a adana kayan da kwalinsu da murfinsu, a inuwa, inda yara ba za su kai ba. A jikin kwalin akwai lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar yi da ranar ƙarewar aiki, da lambar rukuni, wato lambar da ke nuna tukunyar da aka haɗa maganin a cikinta. Wannan lamba ita ce igiyar da ke haɗa ƙauye da masana'anta. A ɗauki hoton duka da waya. Idan babu rasit, kamar yadda aka saba a kasuwannin ƙauye, a rubuta ranar saye da wurin da sunan wanda ya gani. Kada a mayar wa mai kemis da kwalbar don ya maido kuɗi, kada kuma a danƙa wa wakilin kamfani ita. Idan hukuma za ta karɓa domin gwaji, a nemi takardar karɓa mai kwanan wata da sa hannu, in da hali a rage wani abu a hannu. NAFDAC tana da ofis da ɗakin gwaji a Kaduna. Duk wannan ya shafi maganin feshi da ya ƙona fata, da kananzir da aka gauraya da fetur ya fashe a fitila, da abincin gwangwani da ya lalace.

Ina ake samun lauya?

Lauyoyin jihar sun fi yawa a Kaduna da Zariya, inda ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa take da rassa, kuma sakatariyar reshe wuri ne da za a iya tambayar wanda ya saba da shari'ar diyya. Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi fama da 'yan bindiga, har zuwa birni ya zama sayar da rai. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan wani sulhu. Duk da haka tafiya tana cin kuɗi da lokaci, don haka ya fi kyau a fara magana ta waya, a aika hotuna, sannan a yi tattaki.

Marar hali yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi taimako ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda ta fi mayar da hankali ga mata da yara. Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ma tana da ɗakin ba da shawara na ɗalibai a ƙarƙashin malamansu. Kai kuka ga FCCPC ko NAFDAC kuwa ba ya buƙatar lauya.

Kafin a amince da lauya, a tabbata na gaske ne. Kowane lauya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma yana da hatimin ƙungiya mai ɗauke da sunansa da lambarsa. A tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan shari'a, da wane likita ko masanin sinadarai zai kira shaida, da wanda zai biya kuɗin gwaji, da kuma wa za a yi ƙara. Tambayar ƙarshen tana da muhimmanci, domin mai kemis na ƙauye ba shi da abin biya, amma shi ne zai nuna dillalin da ya sara masa, dillali kuma ya nuna kamfani ko wanda ya shigo da kayan ƙasa. Ƙa'idojin aikin lauya sun halatta yarjejeniyar da lauya zai ɗauki wani kaso daga diyya in an ci nasara, muddin kason bai wuce kima ba. Ko wace iri ce, a rubuta ta, a karanta wa mai ƙara da Hausa a gaban shaida. A guji wanda ya biyo mutum har gadon asibiti yana talla, da wanda ya yi rantsuwar cewa nasara tabbas ce. Kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar sulhu daga kamfani kafin lauya ya gani, domin sau da yawa tana ɗauke da sharaɗin yafe ƙara.

Lokaci ma abin lura ne. Doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce kuma haƙƙi ya faɗi komai ƙarfin hujja. Idan akwai ma'aikacin gwamnati a cikin waɗanda za a yi ƙara, wa'adin na iya zama wata uku kacal.

Kammalawa

Da yawa daga cikin iyayen da irin wannan musiba ta faɗa wa sukan ce ƙaddara ce, su bar wa Allah, kuma babu mai ja da imaninsu. Amma yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, kamar yadda bai hana zuwa asibiti ba. Bugu da ƙari, maganar ta wuce gida ɗaya. Tukunyar da aka zuba wa kwalba ɗaya guba ta cika wasu kwalabe masu yawa, kuma suna nan a kan kantoci daga Funtuwa har Kontagora, suna jiran wasu yaran. Rahoto ɗaya mai ɗauke da lambar rukuni na iya sa a janye su duka. Nauyi ne a kan ma'aikatan asibitoci da masu kemis, da hakimai da dagatai da limamai, da ɗaliban jami'a 'yan asalin yankin idan sun koma hutu, su sanar da jama'a cewa kwalbar da ake zargi ba a jefar da ita. Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.